Tayoyi Sun Yi Tsada: Ta Ina Ake Rage Kashe Kuɗi?

Tambaya: Tayoyin motata huɗu sun kusa sudewa. Da na je tambayar kuɗinsu sai na tarar farashin ya wuce yadda na sani nesa ba kusa ba. Me ya jawo wannan tsada? Kuma wanne ya fi mini: in daure in sayi na manyan kamfanoni, ko masu araha da ban san sunansu ba, ko kuwa na hannu?

Amsa: Malam, kuɗin da mai shago ya faɗa maka ba shi ne ainihin kuɗin taya ba. Abin da kake saye shi ne kilomitocin da za ta kai ka, da kuma tsayuwar da motarka za ta yi ranar da ka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi. In ka riƙe wannan ma'auni, za ka ga wata taya mai tsada ta fi araha, wata mai araha kuma asara ce tun daga ranar da aka ɗaura ta. Amma bari mu fara da dalilin tsadar, domin shi zai nuna maka ko jira zai yi amfani.

Taya ba danko zalla ba ce. A tayar ƙaramar mota, dankon itace bai wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar ba. Akwai robar da ake haɗawa daga man fetur, wadda ta ɗan fi shi yawa, akwai baƙin garin kabon mai kama da kunkunniya wanda shi ke ba taya launinta da juriyar gogayya, akwai silika, wayar ƙarfe, zare, mai da sinadaran da ke hana roba tsagewa. Kowane ɗaya da kasuwarsa, kuma daga 2020 zuwa yau kusan babu wadda ba ta girgiza ba.

Dankon itace ya fi fitowa daga Tailan, Indonesiya, Biyetnam da Kwaddibuwa, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake samarwa a duniya masana'antun taya ne ke shanye shi. Itacen yana ɗaukar shekara shida zuwa bakwai kafin a fara tatsarsa. Ke nan ko farashi ya tashi yau, manomi ba shi da yadda zai ƙara yawan danko a bana. Ga cutar zubar ganye da ta addabi gonakin Indonesiya, ga ambaliya da ruwan sama mai yawa da ke hana tatsa a Tailan, ga manoman da suka sare itatuwan suka koma kwakwar manja a shekarun da danko ba ya tsada. Robar fetur da garin kabon kuwa duk inda ɗanyen mai ya nufa nan suke bi. Rasha na cikin manyan masu sayar wa Turai garin kabon, sai yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022, daga baya Tarayyar Turai ta hana shigo da shi gaba ɗaya daga Yulin 2024. Gasa taya a cikin mazubin da ke ba ta siffa kuma aiki ne mai cin wuta da gas, to su ma sun yi tsada.

Sannan jigila. Taya kaya ce mai cin wuri, rabin abin da ake ɗauka a kwantena iska ce. A 2021 kuɗin ɗaukar kwantena daga Asiya ya ninka fiye da sau biyar a kan na 2019. Ya sauko, sai kuma hare-haren Bahar Maliya daga ƙarshen 2023 suka sa jirage zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar ta ƙaru da kwana goma ko fiye. Ƙara da kuɗin fito: Amurka ta ɗora wa tayoyin Sin haraji mai nauyi a 2009 da 2015, masana'antu suka yi ƙaura zuwa Tailan da Biyetnam, a 2021 harajin ya bi su can. Duk ƙasar da ke shigo da taya da dala kuma kuɗinta ya faɗi, tsadar ta zame mata biyu.

Akwai dalili ɗaya da ba a cika ambata ba, alhali yana gaban kowa: motocin kansu sun canza. Motar da a da take zuwa da wili mai inci 14 ko 15, irinta yanzu da 17 ko 18 take zuwa. Motoci sun ƙara nauyi, masu lantarki ma sun fi, saboda batir. Babbar taya ta fi cin kaya, kuma girma-girman sun yi yawa har kowanne ba a buga shi da yawan da zai sa ya yi sauƙi. Shi ya sa ba na ba da shawarar a zauna jiran farashi ya koma yadda yake a da. Kayan haɗi na iya sauka, amma kamfani da wuya ya janye ƙarin da mutane suka riga suka saba biya. Jiran wata ɗaya don rangwame daidai ne in tayarka da sauran zane. Jira a kan sudaddiyar taya ganganci ne.

To, kafin ka je shago, durƙusa ka karanta gefen tayarka, sannan ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin. Takardar ce hujja, domin mai motar na baya yana iya ɗaura abin da ba daidai ba. A ce ka ga 205/55 R16 91V. Lamba 205 faɗin taya ne a milimita. Lamba 55 na nufin tsayin gefenta kashi 55 cikin 100 ne na faɗin. 16 girman wili ne a inci. 91 nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka, wato kilo 615, da a ce 94 ne da kilo 670 ke nan. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270. Mutane kan ce ai ba na gudun 240, don haka kowane harafi ya yi. Da ɗan gaskiya a ciki, amma harafin yana kuma nuna yadda tayar ke jure zafi. Sauka daga W zuwa V, in littafin motar ya yarda, hanya ce ta rage kuɗi. Lambar nauyi kuwa kada ka taɓa sauka ƙasa da abin da aka rubuta, in kuma an rubuta XL to XL ɗin za ka nema, domin an ƙarfafa jikinta don ɗaukar ƙarin iska da ƙarin kaya.

Wata dabara da ke rage kuɗi sosai, musamman ga wanda zai daɗe da motarsa, ita ce rage girman wili. Lissafa ka gani: taya 225/45 R17 tsayinta gaba ɗaya milimita 634 ne, 205/55 R16 milimita 632, 195/65 R15 kuma 634 da rabi. Duk ukun kusan da'ira ɗaya suke yi, agogon gudu ba zai yi ƙarya ba. Amma ta inci 15 da ta 16 suna cikin girman da aka fi bugawa a duniya, don haka sun fi sauƙi nesa, kuma kaurin gefensu ya fi shanye dukan rami, wili ba ya saurin lanƙwasa. Sharuɗɗan su ne bambancin tsayi kada ya wuce kashi 3 cikin 100, ƙaramin wilin ya wuce kan birki ba tare da gogawa ba, ramukan noti su dace, lambar nauyi kuma ta kai. Mafi sauƙi shi ne ka duba ko kamfanin ya taɓa fitar da irin motarka da ƙaramin wili. In ya yi, wannan girman za ka bi.

Yanzu lissafin da shi ne zuciyar maganar. Mu ɗauki misali kawai, ba farashin wata kasuwa ba. Taya ta farko kuɗinta 100, tana kai kilomita 60,000. Ta biyu kuɗinta 65, tana kai 30,000. Kafin ta farko ta ƙare ka sayi ta biyu sau biyu, ka kashe 130, ka kuma biya ladan ɗaurawa da balansin da sabon bawul sau biyu. Amma juya misalin: in ta 65 ɗin za ta kai 45,000, to ita ce ta yi nasara. Ke nan ba sunan kamfani ne ke yanke hukunci ba, rabon kuɗi a kan kilomita ne. Sai kuma ka tambayi kanka nawa kake tafiya a shekara. Mai yin kilomita 30,000 a shekara, kamar ɗan tasi, ya kamata ya biya kuɗin taya mai daɗewa, domin zai cinye zanenta har ƙarshe. Mai yin 5,000 a shekara tsufa ne zai kashe tayarsa, ba titi ba. In ya sayi mai kai 80,000, zai jefar da ita da rabin zanenta. Shi matsakaiciya mai riƙe titi da kyau ta ishe shi.

Ta yaya za ka san wadda za ta daɗe? Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka suna da kalmomi uku a gefe. Treadwear lamba ce, kamar 300 ko 500 ko 700, wadda ke kwatanta daɗewar zane da wata taya ta gwaji mai lamba 100. Amfaninta yana da iyaka, domin kowane kamfani shi ke ba tayarsa maki, don haka 500 na wannan ba lallai ya zama 500 na wancan ba. A cikin kamfani ɗaya dai tana faɗar gaskiya, kuma tsakanin 280 da 600 ko a ina ne bambancin a fili yake. Traction riƙon jiƙaƙƙen titi ne lokacin birki, daga AA zuwa A, B, C. Temperature juriyar zafi ce, A, B ko C. Wanda ke doguwar tafiya a yanayi mai zafi ya nemi A, kada ya sauka ƙasa da B. Zafi ne babban mai kashe taya, shi ke raba roba da wayar da ke ciki har ta fashe ana cikin gudu.

Tayoyin kasuwar Turai kuwa suna zuwa da takarda a manne, tun 2012, aka kuma sabunta tsarinta a Mayun 2021. Tana nuna shan mai daga A zuwa E, riƙon ruwa daga A zuwa E, da ƙarar da tayar ke yi. In za ka duba abu ɗaya tak, duba riƙon ruwa. Tsakanin mataki da mataki akwai mita uku zuwa shida na tsayawa a gudun kilomita 80, tsakanin na sama da na ƙasa kuwa ya kai tsawon mota huɗu. A nan ne mafi yawan tayoyi masu arahar gaske ke faɗuwa. A busasshen titi ba za ka ji bambanci ba, har ka ce an cuci masu sayen mai tsada. Ranar ruwa ce ke tona asiri. Ni a ganina B ko C shi ne inda kuɗi da inganci suka haɗu, D da E kuwa a bar su a shago. Takardar ba ta faɗin daɗewa, wannan gibinta ne. Bangaren shan mai ma ba abin rainawa ba ne, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da ƙaramar mota ke sha yana tafiya ne wajen murza tayoyi a kan titi.

Game da sunaye, kasuwar hawa uku ce. A sama akwai Michelin, Bridgestone, Continental, Goodyear da Pirelli. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne waɗannan suna da ƙannai: Firestone na Bridgestone ne tun 1988, BFGoodrich da Kleber na Michelin ne, General, Barum da Semperit na Continental ne, Goodyear ya sayi Cooper a 2021, Laufenn kuma na Hankook ne. Sau da yawa fasahar da babban suna ya yi amfani da ita shekarun baya ce ake saukowa da ita ga ƙanin, a kuɗi mai sauƙi. A hawa na tsakiya akwai irin su Hankook, Yokohama, Toyo, Falken, Kumho, Nexen da Maxxis, kuma ga mafi yawan masu ƙananan motoci a nan riba take. A hawa na uku sai an tantance. Cewa duk tayar Sin banza ce kuskure ne, domin manyan masana'antu irin su Sailun, Linglong, Triangle da masu yin Westlake suna fitar da miliyoyi, wasu ma ana ɗaura su a sababbin motoci daga kamfani. Abin gudu shi ne sunan da ba a san masana'antarsa ba, yau yana nan gobe ya ɓace, babu wakili, babu garanti, babu wanda ya taɓa gwada shi. Nemi alamar DOT ta Ma'aikatar Sufurin Amurka, ko harafin E da lamba a cikin da'ira, wanda ke nuna ta ci gwajin ƙa'ida. Lambar da ke kusa da E ƙasar da ta amince da tayar ce, ba inda aka yi ta ba, kada mai shago ya ce maka ai 'yar Jamus ce saboda ya ga E1.

Ko wace ka zaɓa, duba ranar haihuwarta. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. 2324 na nufin mako na 23 a 2024. In uku ne kawai, an yi ta kafin 2000, ba ta da wurin zama a mota. Wani lokaci lambar tana gefe ɗaya ne, sai an juya tayar. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, iska da rana da zafi suna busar da ita. Manyan kamfanonin taya suna cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta kai biyar, a cire ta in ta kai goma komai kyan zanenta, wasu masu ƙera motoci irin su Ford kuma shida suka ce. Sabuwar taya mai shekara ɗaya ko biyu da aka ajiye a inuwa ba ta da laifi, hasali ma dalili ne na neman ragi. Mai shekara huɗu da aka jera a rana kuwa ko an rage maka, rabin ranta ya tafi.

Sai tayoyin hannu, inda mutane suka fi tafka asara suna ganin dabara suka yi. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin zane kusan milimita 8. Iyakar doka a ƙasashe da yawa 1.6 ne, kuma akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna an kai nan. Ke nan abin amfani 6.4 ne. Taya ta hannu mai milimita 4 saura 2.4 gare ta, bai kai kashi 40 cikin 100 ba. In ka biya rabin kuɗin sabuwa, ka saya da tsada, kuma ɓangaren da ya fi rauni ka saya, domin daga milimita 3 zuwa ƙasa taya ba ta iya korar ruwa da kyau, mota sai ta riƙa shawagi a kansa. Wannan lissafin zane ne kawai. Abin da ba ka gani ya fi yawa: ko an taɓa tafiya da ita babu iska har zaren gefenta ya karye, ko ta daki rami, ko daga motar da ta yi haɗari aka kwance ta.

In dole ce ta sa, ga yadda ake dubawa. Kada ka saye ta a kan wili, sai an cire ka leƙa ciki. Garin roba baƙi a ciki, ko wani layi mai duhu da ya zagaye gefen, alama ce an taka ta ba iska, a bar ta. Ƙirga facin da ke ciki, kuma duk facin da ke kafaɗa ko gefe ya soke cinikin. Shafa hannu a bakin da ke zama a kan wili, in ya yage ko waya ta leƙo, ba za ta riƙe iska ba. Matsa gefen ka ga ko ƙananan tsaga za su buɗe. Auna zurfin a wuri uku, ciki da tsakiya da waje, da ɗan ma'aunin da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Lura da zanen da aka sake yanka da wuƙa mai zafi: kwarinsa ba ya daidaita, 'yan tudun nan na iyaka sun ɓace, wani wurin har waya na ƙyalli. Tayoyin manyan motoci da aka rubuta wa izinin haka ne kaɗai ake sake yanka wa zane, a ƙaramar mota kisa ne. Lambar shekara da ta yi kama da an kankare ko an manna ita ma ta isa dalilin tafiya. Sannan in ka ga hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki, yawanci tayar hunturu ce. Robarta mai laushi ce, an yi ta don sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 7, a titi mai zafi tana narkewa kamar sabulu kuma birkinta ya fi tsawo. Ta hannu mai ma'ana ita ce wadda ba ta wuce shekara uku ko huɗu ba, mai milimita 6 ko fiye, a kuɗin da bai wuce rabi ba. Irinta ba ta da yawa.

In kuɗin huɗu bai samu ba, sayi biyu masu kyau maimakon huɗu marasa kyau, in dai biyun da za su rage suna da sauran rai. Sababbin a baya ake sa su, ko da motar da ƙafafun gaba take ja. Masu faci da yawa za su yi maka gardama, amma dalilin a fili yake: in gaba ya zame, direba yana ji a sitiyari ya sassauta, in baya ya zame a kwana, motar juyawa take yi kafin ya ankara. Ƙafa biyu na gaba, haka ma biyu na baya, su zama iri ɗaya, girma ɗaya. Mota mai ja da ƙafa huɗu kullum kuwa ba ta son bambancin zane mai yawa tsakanin tayoyinta, milimita biyu zuwa uku ya isa ya wahalar da giyar da ke raba ƙarfi, gyaranta kuma ya fi kuɗin tayoyi huɗu. Duba littafin motar kafin ka saya ɗaya ko biyu.

A wurin ciniki, tambayi kuɗin komai da komai: taya, ɗaurawa, balansin, sabon bawul, da saiti in ana yi. Wani yana rage kuɗin taya ya rama a aiki. Karɓi rasit mai ɗauke da girma da lambar DOT. In akwai garantin kilomita, karanta sharaɗinsa, domin yawanci ba sabuwa ake ba ka ba, ragi ne gwargwadon abin da ya rage, kuma sai ka nuna shaidar kana juya tayoyin a kan lokaci.

Abin da ya rage shi ne inda mafi yawan kuɗin taya ke zubewa, wato bayan an ɗaura ta. Iska ce kan gaba. Lafiyayyar taya tana rasa psi ɗaya zuwa biyu a wata (psi ma'aunin matsin iska ne), kuma kowane sauyin digiri biyar zuwa shida na yanayi yana motsa ta da psi ɗaya. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, kafaɗunta biyu su cinye, mai ya ƙaru. Ido ba ya gane taya da ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta, bugun ƙafa ma haka. Sayi geji naka, ka auna sau ɗaya a wata da safe kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta awa uku. Bi lambar da ke jikin ƙofa, yawanci tsakanin 30 da 36. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da ake so a sa ba. In ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta hau da uku ko huɗu, haka ya kamata, kada ka sace. Fitilar gargaɗin iska da ke cikin sababbin motoci sai iska ta ragu sosai take kamawa, ba ta maye gurbin geji. Naitirojin da ake sayarwa kuwa, iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 shi ne. In kyauta ne karɓa, in da kuɗi ne riƙe abinka.

Tsohuwar tayarka ma tana da labarin da za ta ba ka, kada ka bari a jefar da ita ba ka duba ba. In tsakiya ya fi cinyewa, iska ta yi yawa. In kafaɗu biyu ne, ta yi kaɗan. In gefe ɗaya ne kawai, ƙafar ta karkata, ana bukatar saiti. In ka shafa zanen ka ji santsi ta nan, kaifi ta can kamar haƙorin zarto, ƙafafun ba sa kallon gaba daidai, tayar jan ta ake yi a karkace. In kuwa cin ya yi kwari-kwari a zagaye, shokazoba ta mutu ko balansin ya tafi. Saitin da ya kauce kaɗan yana iya cinye sabuwar taya cikin kilomita dubu goma. Kuma saiti a kan tarod ko boljoyin ko bushin da suka yi sako-sako zubar da kuɗi ne, ramin farko zai mayar da shi yadda yake. A ɗaga motar, makanike ya girgiza kowace ƙafa, a canza abin da ya lalace, sannan a yi saiti, sannan a more sababbin tayoyi.

Juya tayoyi duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. A mota mai ja da gaba, na gaba suna cinyewa kusan ninki biyu, domin su ke ja, su ke juyawa, su ke ɗaukar mafi yawan birki. Na gaba su koma baya kai tsaye, na baya su zo gaba a gicciye. In tayar tana da kibiya a gefe mai nuna inda take juyawa, gaba da baya kawai ake musanyawa a gefe ɗaya. Wajen ɗaure noti, a bi su a tsallake kamar tauraro, kada a hau kan sifana da ƙafa. Yawancin ƙananan motoci tsakanin Nm 100 da 140 suke so (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne), a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100.

Ƙusa kuma ba ta nufin taya ta mutu. Huda da ba ta wuce milimita 6 ba, a tsakiyar zane, tana gyaruwa har ƙarshen ran tayar, in an cire ta daga wili, an duba ciki, an sa facin nan mai kama da lema wanda ke toshe ramin ya kuma rufe shi ta ciki. Igiyar da ake cusawa daga waje ta kai ka wurin gyara ce kawai, domin ruwa na bi ta gefenta ya sa wa wayar ciki tsatsa. Huda a kafaɗa ko a gefe ba ta faci, haka ma ƙullutun da ya fito a gefe bayan dukan rami, wannan zaren ciki ne ya tsinke, iska ce kawai ke tura roba. Da zarar ka ji taya ta sace, tsaya ka sa safaya, domin mita ɗari biyu a kan wili sun isa su mayar da hudar da za a yi wa faci ta zama kuɗin sabuwar taya. Safayar ma a riƙa auna ta. Siririyar nan ta wucin gadi psi 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.